Wace kalma za mu ba «prêt» da «transfert» a harkar ƙwallo?

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani zama da muka yi a nan Tawa kafin a buɗe kakar wasa, inda aka ɗora mini nauyin fassara wa wani dattijo takardar da wata ƙungiya ta Yamai ta aiko game da ɗansa, wanda yake buga wa ƙaramar ƙungiyarmu wasa. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, kuma kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce «prêt». Kafin in buɗe baki wani daga cikinmu ya riga ni, ya ce wa dattijon za a sayar da yaron na shekara ɗaya. Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ɗan nawa ne za ku sayar?" Sai da muka kwashe fiye da awa guda muna gyaran abin da kalma ɗaya ta ɓata.

Bafaranshe da «prêt» yake kiran bashin banki, da ita kuma yake kiran bayar da gatari ga maƙwabci, amma Bahaushe ya raba su tun tuni. Rance na kuɗi ne ko hatsi: ka karɓi tiya goma ta gero ka ci, da kaka ka mayar da wata tiya goma, ba wadda ka karɓa ba. Aro kuwa abin da ka karɓa shi ɗin za ka mayar da kansa. Ɗan wasan da ya tafi Yamai shi ne zai dawo Tawa, kuma kwantiraginsa da mu yana nan bai mutu ba, don haka rance ya fita daga lissafi. Jingina ma, wadda wani ɗan uwa ya kawo shawararta, ba ta shiga ba, domin ba bashi ake binmu ba balle mu ajiye yaro a madadinsa.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce haya. Hujjar masu goyon bayanta tana da ƙarfi, domin sau da yawa ƙungiyar da ta karɓi ɗan wasa takan biya wani abu, alhali aro a al'adarmu alheri ne da ba a biyan komai a kansa. Na yarda da wannan. Sai dai duk wanda ya ji "ɗan haya" sojan haya ne zai faɗo masa a rai, ko kuma irin gwanin da unguwa take ɗaukowa daga wani gari ya buga mata wasa ɗaya a gasar babban hutu, a sallame shi da yamma. Wannan ba shi da rajista, ba shi da takarda. Ni a ganina mu riƙe aro, idan akwai biya mu ce "aro da kuɗi", idan babu mu ce "aro kyauta". Wasu za su tuna mini cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne, ƙungiyar da ta dogara da ƴan aro ranar da masu su suka kira su za ta tsaya tsirara; wannan ma shaida ce cewa kalmar ta faɗi ainihin abin.

Dokar FIFA kanta ta bi hanyar aro irin namu. Tun watan Yulin 2022 aro ba ya wuce shekara ɗaya a yarjejeniya guda, kuma an hana wanda ya ari ɗan wasa ya sake ara wa wani shi, kamar yadda a garinmu ba ka bayar da aron abin da kai ma aro ka yi. Wanda yake son misali ya dubi ɗan wasan Nijar Musa Ma'azu, wanda ya tashi daga AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam, CSKA ta Mosko ta ɗauke shi a 2009, sannan ya buga wa Monaco da Bordeaux alhali takardarsa tana Mosko. Abin da ƙaramar ƙungiya za ta tsaya a kai tun ranar farko shi ne wa zai biya albashi a tsawon aron, wa kuma zai ɗauki nauyin magani idan yaro ya ji ciwo, domin nan ne rigima take ɓullowa.

Sai «transfert». Gidajen rediyo sun saba da "saye" da "sayarwa", ni kuma ban so su ba, ba don kunyar dattijon nan kaɗai ba. Abin da ake biya kuɗi a kansa shi ne ragowar kwantiragi, ba mutum ba, shi ya sa tun hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a 1995, ɗan wasan da wa'adinsa ya cika a Turai yake tafiya ba a biya kuɗin ciniki ba. "Sauya sheƙa" ta yi daidai daga ɓangaren ɗan wasa, ko da yake ƴan siyasa sun shafa mata warin cin amana. Daga ɓangaren ƙungiya ina ba da shawarar "sallama". A kasuwa mai saye yakan taya, mai kaya ya ce albarka, har a kai inda zai ce ya sallama. Haka kuma maigida yake sallamar yaron da ya gama koyon sana'a. Kuɗin da ake biya sai ya zama "kuɗin sallama". Na san ma'aikata suna kiran haƙƙin ƙarshen aiki da wannan suna, amma mahallin magana zai raba su. "Kuɗin fansa" kuwa, a halin da yankinmu yake ciki, bai kamata ma a kusance shi ba.

Sauran ba su da gardama. «Agent» dillali ne, abin da yake samu la'ada. «Prime de signature» kafin alƙalami ne. «Salaire» albashi, «prime de match» ladan wasa, kuma wajibi ne a bambanta su a gaban yaro da mahaifinsa, domin ƙaramar ƙungiya ta fi son ta rage albashi ta ƙara ladan wasa, tun da shi sai an buga ake biya. Albashi ne doka ta tsare: idan aka riƙe wa ƙwararren ɗan wasa na wata biyu, ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana da ikon warware kwantiragin.

Akwai kalmar da rashinta yake jawo mana asara ta gaske, wato «contribution de solidarité». Idan aka sallama ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyin waje, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin sefa miliyan 100, ƙungiyar da ta riƙe yaro daga shekara 16 zuwa 19 tana da miliyan 2, muddin ta yi masa rajista a FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, a waɗannan shekaru. Ina so mu kira shi "ladan reno", domin shugaban ƙungiyar unguwa da ya ji wannan suna zai gane nan take cewa haƙƙinsa ne, ya daina sa yara wasa ba lasisi.

Wadda ta rage mini ita ce «prêt avec option d'achat», inda mai aro yake da damar riƙe ɗan wasa a kan farashin da aka yanke tun farko, ba tare da an tilasta masa ba. Na rubuta "aro da zaɓin riƙewa" a takardar da na karanta wa dattijon, ya gane, amma ta yi mini tsawo a baki. Ina roƙon ƴan uwa da suke zama da dillalan kasuwar dabbobi su tambayo mana yadda suke kiran cinikin da aka yanke kuɗinsa, aka bar wa mai saye wa'adi ya duba kafin ya ce ya karɓa.