An ja layi ta tsakiyar gonarmu: mu sayar ko mu bi tsarin hukuma?

Magajin Gona: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa faɗa wa. Mu huɗu muka gaji gona a bakin ƙauye, hekta 6, ba mu raba ba, ni nake noma ta. Bana hukumar tsara ƙasa ta fito da taswira, ta shata iyakar inda aka yarda a yi gini. Layin ya ratsa gonar: hekta 2 na ciki, 4 na waje, su an rubuta musu noma kawai. Wani mai yanka filaye yana so ya saye duka yanzu, wai layin ba zai daɗe ba. Hukuma kuma ta ce in muka tattara gidajen a hekta biyun, muka bar hanya da magudanar ruwa, za ta ba da takardu, amma mu sa hannu cewa ba za a gina sauran ba. Ƙannena biyu kuɗi suke so a hannu, yayarmu ta ce duk abin da na yanke. Ƙarshen wata za a yi zaman jin ra'ayi. Wanda ya taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan, yaya ta ƙare?

Ɗan Kasuwa: Wa alaikumus salam. Sayar, ka sayi gida a birni ka zuba 'yan haya. Noma wahala ce.

Uwar Biyu: Ni dai ka dasa itatuwa a kan iyaka, makwabta ba su da tabbas.

Mai Taswira: Malam, aikina ke nan, bari in faɗa maka dalilin layin. In gidaje suka warwatsu, ɗaya nan ɗaya can a bakin titi, kowane gida sai an ja masa bututu da waya da hanya mai tsawo, kuma aljihun kowa ne ke biya. In suna haɗe, bututu ɗaya ya ishi layi guda. Ba yau aka fara ba. Ingila ta yi dokar hana jera gini a bakin manyan hanyoyi tun 1935, a 1947 kuma ta ce mallakar fili ba ita ce izinin gini ba. Jihar Oregon ta Amurka ta yi tata a 1973, zamanin gwamna Tom McCall: kowane gari ya shata iyaka da filin da zai ishe shi shekara 20, abin da ke waje na noma da daji ne. Ka karɓi tsarin.

Baba Mai Haƙuri: Ɗana, ka saurare ni, ni na sa irin hannun da ake so ka sa. Aka ce gonata tana waje, noma kawai, na ce madalla, dama abin da na iya ke nan. Makwabcina na gabas bai sa hannu a komai ba, ya kira masu awon igiya suka yanka tasa cikin dare. Na yamma ya bi sahu. Ba wanda ya zo ya hana su. Gidaje suka tashi ba kwalbati ba lambatu, duk ruwan wanka da na sama sai cikin kunyoyina. Ka sa fartanya ka ɗago leda da fasasshiyar kwalba. Awakinsu a cikin shukata, yaransu sun mai da gefen gonar filin ƙwallo. Daga baya su ne ma suka kai ƙarata, wai takin da nake zubawa yana musu wari, feshi yana sa yaransu tari. Da unguwa ta cika aka ga babu makaranta babu asibiti, aka duba ina ne fili ya rage. Nawa. Aka zo aka kafa turakun siminti, aka shafa musu jan fenti. Diyya kuma aka lissafa min ta da farashin gona, tunda takardar da na sa wa hannu gona ta ce. Waɗanda suka karya doka suna cikin gidajensu. Ni da na bi ta, haya nake.

Uwar Biyu: Innalillahi. Baba, Allah ya saka maka.

Ɗan Kasuwa: Kun ji ko? Sayar!

Mai Taswira: Baba, abin da aka yi maka zalunci ne, amma ba tsarin ne ya cuce ka ba, rashin tsare shi ne.

Baba Mai Haƙuri: Tsarin da ba a tsarewa, ɗana, sunansa takarda. Ranar da ake yanka gonar makwabcina irinku suna ofis.

Dillalin Filaye: Ku bar dogon turanci, ga lissafi. A wajenmu filin da ke cikin layi ya ninka na waje sau biyar. Shi ya sa mutuminka yake son duka a dunƙule: zai biya ka kuɗin gona a kan shidan, ya ci ribar biyun, ya zauna jiran huɗun.

Sabon Magini: Sau biyar a ina? Ni na sayi fuloti a cikin layi, da ƙyar ya kai ninki biyu na na waje. Kuma sai da na biya awo da kuɗin izini a kai.

Mai Kaji: Mu kuma namu na waje ne ya fi tsada, don masu gidan gona ke rububinsa. Kowa da inda yake.

Dillalin Filaye: Kuma kada ka manta, hekta murabba'in mita 10,000 ce, amma in ka bi taswirar hukuma wajen kashi ɗaya cikin uku hanya da magudana za su cinye. Igiya ba ta cin haka.

Mai Taswira: Shi ya sa motar kashe gobara ba ta iya shiga unguwanninku. Kai la'ada kake ci, ko an sayar da riba ko da asara. Da wane baki kake ba da shawara?

Dillalin Filaye: Kai kuma albashi kake ci, ko layin ya tsaya ko ya gudu. Ni aƙalla takalmina ya san ƙasar gona.

Shaƙiyyi: Layin hukuma kamar igiyar shanya ne, duk wanda ya rataya kaya mai nauyi sai ya lanƙwaso wajensa. Magaji, ka duba ko akwai gonar wani babba kusa da taku. In akwai, kwanta ka yi barci, layin zai zo ya same ka har gida.

'Yar Kanada: Yaya Shaƙiyyi, wasa kake amma an yi. Lardin Ontario na Kanada ya keɓe ƙasar noma da daji a kewayen Toronto a 2005. A ƙarshen 2022 gwamnati ta cire wajen eka 7,400 don a yi gidaje. Mai binciken kuɗin lardin ta fitar da rahoto cewa an fifita wasu masu gine-gine wajen zaɓen filayen, hayaniya ta tashi, a watan Satumba 2023 shugaban gwamnatin lardin, Doug Ford, ya fito ya nemi afuwa ya janye. Layi yana motsi, amma in mutane suka tsaya yana komawa. Yaya Magaji, ka je zaman nan, kada ka aika kowa.

Magajin Gona: Na gode duka. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ya gwada tattara gidaje a gefe ɗaya. Labarin Baba kuma ya hana ni barci. In na sa hannu, me zai hana a yi min irin tasa? Ƙanina ya karanta, ya ce ga hujja nan mu sayar.

Tsohon Malami: Ɗan'uwa, ka tambaye su abu ɗaya a zaman: hekta huɗun da za ku haƙura da ginawa, me za ku samu a madadinsu? A gundumar Montgomery ta jihar Maryland a Amurka, a 1980, sun keɓe eka 93,000 don noma. A da, gida ɗaya ake yarda a eka 5, aka mai da shi ɗaya a eka 25, amma aka bar wa manomi haƙƙin ginin da ya rasa ya sayar wa mai gini a wani yankin da aka amince a cunkusa gidaje. Gonarsa na hannunsa, kuɗi na aljihunsa. A Oregon ɗin da Malam Mai Taswira ke yabo ma, masu filaye sun yi ta ƙorafi har aka kaɗa ƙuri'a a 2004 cewa ko a biya su ko a ɗage musu dokar, sai a 2007 aka sassauta wannan.

Baba Mai Haƙuri: Malam, duk a littafi ka gani. Ka taɓa rasa gona?

Tsohon Malami: Ban taɓa ba, Baba. Amma ba sai an rasa gona ake iya karanta yarjejeniya ba.

Mai Kaji: Ku tsaya, duk kuna ta layi, ba wanda ya yi maganar tifofi. Tunda aka fara gine-ginen nan, masu ɗiban yashi sun kashe mana hanyar ƙauye. Kwalbatin bakin rafi ya rufta, motar abincin kajina sai ta zagaya. Wa zai gyara, mai yanka filaye ko hukuma?

Uwar Biyu: Wallahi! Ga ramukan da suke bari. Damina na sauka su cika da ruwa, yara na zuwa wanka, mu muna gida hankali a tashe.

Sabon Magini: To mu da muke sayen yashin, ai har kuɗin hanya direbobi suke cewa an karɓa a hannunsu. Ina yake tafiya?

Shaƙiyyi: Ya bi layi.

Dillalin Filaye: Magaji, in ka shirya ka yi min magana ta akwatin sirri, ina da mai saye da ya fi naka.

Mai Kaji: Malam Mai Taswira, kai nake jira. A taswirar taku akwai inda aka ware wa masu haƙar yashi, ko su ba ruwansu da layi?