Suga ya sauka ko ya faɗi? Neman sunan "haifo" da Hausa

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema, kuma ba don ƙawata zance ba. Shekarata tara da ciwon suga, ina shan ƙwaya safe da dare, amma har yau ba mu da tsayayyen suna na abin da likitoci ke kira haifogilaisimiya, wato lokacin da sukarin jini ya yi ƙasa har ya zama haɗari.

Ga abin da ya tayar da maganar. Kawuna tela ne a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Ran nan da safe ya haɗiyi ƙwayarsa, mai koko ba ta fito da wuri ba, ya ce in ya isa shago ya karya. Ɗinkin biki ya sha masa kai, ya manta. Wajen ƙarfe sha ɗaya yaron shagon ya ji keke ya yi shiru. Ya waiga, sai ga Kawu ya jiƙe sharkaf kamar an kwara masa ruwa, hannu na karkarwa, yana ta ƙoƙarin zura zare a inda babu allura. An yi masa magana ya hau faɗa, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya fara tofi. Mai kemis na kusa ya zo da na'urarsa ya soki yatsa: 48.

Yaron ya kira gida ya ce, "Inna, an gwada, sugan Baba ya sauka sosai." Ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah mun gode maka," ta kashe waya ta ci gaba da tankaɗe.

Ba laifinta ba ne. Shekara da shekaru addu'arta ke nan, suga ya sauka. A can shago kuwa sai da aka yi kokawa da maƙwabta kafin mai kemis ya samu ya ba shi lemun kwalba, suna cewa, "Mai ciwon suga za ka ɗura wa zaƙi? Kashe shi za ka yi?" Allah ya sa yana iya haɗiya. Bayan kamar minti sha biyar ya ɗaga kai ya tambayi hularsa.

To, kalmar da ake faɗa wa matar gida ta yi hamdala alhali mijinta na dab da suma, ba ta yi aikinta ba.

Kafin wani ya ce a bar ta da Turancinta, ku saurari yadda take fita a bakinmu. Ma'aikatan jinya suna taƙaita ta su ce haifo, kishiyarta kuma, hawan suga, su ce haifa. Wasali ɗaya ne tsakanin "ba shi zaƙi maza" da "kada ka kuskura ka ba shi." A bakin tsohon Bakatsine ma haiho da haihwa za su koma, ka rasa ko zancen mai ciki ake yi. Sannan a kowane gida idan ka ce haifo, Hypo na wankin fararen kaya za a miƙo maka. Asalin kalmar ma ba Turanci ba ne, Girkanci ne aka harhaɗa: ƙasa, zaƙi, jini. Su ma ƙira suka yi, mu ma muna da maƙera.

Ina jiran shawarwarinku.

Na gode, amsoshi sun zo fiye da yadda na zata. Bari in bi su, ba lalle a jere ba.

Wani malamin Hausa daga Rafin Daɗi ya kawo "ƙarancin sukari a jini." Malam, Allah shi ƙara basira, a littafin makaranta ba ni da ja. Amma mun riga mun san ƙarancin jini, kuma mun san tafiyarsa: a hankali yake zuwa, a hankali ake maganinsa, a ci hanta, a ci zogale, a sha ƙwayar ƙarin jini wata guda. Duk wanda ya ji "ƙaranci" zai ɗauka akwai lokaci. Wannan kuwa na mintoci ne, domin ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki kuma ba ta da rumbun ajiya. Shi ya sa mutum ke ruɗewa, harshe ya karye, ya yi ta faɗa ba dalili. Ban da haka, yaron shago da ke rawar jiki ba zai tsaya jero kalma huɗu a waya ba.

Wata hajiya da ta ce ta fi shekara ashirin tana allurar insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ta rubuto cewa ita "yunwar suga" take ce masa. Hajiya, wanda ya taɓa ji a jikinsa ya san gaskiya kika faɗa. Wata irin yunwa ce mai haɗe da bugun zuciya, ka ji kamar ka cinye tukunya da murfinta. Na so wannan suna ƙwarai. Abin da ya hana ni shi ne 'yan gida. Ka ce "yunwar suga ta kama Baba," sai a yi dariya a ce kwaɗayi ne ya motsa, a ƙara ɓoye gwangwanin sukari. Kuma ke da kanki kin ambata cewa yanzu ba kya jin alamar kamar da. Haka ne, wanda ya daɗe da ciwon, ko wanda abin ke yawan samunsa, jikinsa na iya daina yi masa gargaɗi, babu yunwa babu karkarwa, sai dai a ga ya ruɗe. Sunan da aka rataya a kan alama ɗaya zai bar irinku a baya.

Samari sun fi son "ɗaukewar suga," kamar an ɗauke wuta. Akwai daɗin faɗa, kuma akwai gaggawa a ciki. Sai dai suga bai ɗauke ba, yana nan, bai isa ba ne. Ina tsoron mutum ya ga 60 a na'ura ya ce ai da saura.

Wani ɗan'uwa da ya yi karatu a Sudan ya ce Larabawa "hubuɗus sukkar" suke cewa. Madalla, amma in ka fassara ta, sauka ɗin nan dai za ka dawo.

Yanzu ga inda na karkata, kuma mutum biyar ko shida sun riga ni faɗa.

Wanda ya fara cewa "hawan jini" ya yi mana aiki, ko ma wane ne. Kalma biyu, tsohuwa a ƙauye ta gane, likita ya gane. A kanta muka ɗora "hawan suga" ba tare da kowa ya kira taro ba. Kuskurenmu shi ne da muka ɗauka hawa kishiya ɗaya gare shi. Biyu ne. Wanda ya hau doki ranar hawan Sallah, ko ya sauka ko ya faɗi. Sauka da niyya ake yinta, a riƙe linzami, a sa ƙafa a ƙasa. Dubi duk inda muke sa ta: baƙo ya sauka, mai ciki ta sauka lafiya, yaro ya yi saukar Alƙur'ani. Duk abin barka ne. Faɗuwa kuwa babu wanda ake yi wa murna da ita, ko a jarrabawa, ko a kasuwa, ko a zaɓe.

Saboda haka: suga ya sauka, idan ya baro sama ya dawo inda ake so. Suga ya faɗi, idan ya zarce ƙasa. Sunan abin, faɗuwar suga. Mu a nan hwaɗuwa za mu ce, ba komai, duk ɗaya ne.

Kuma tana da iyaka a lamba, ba a ji a jiki kawai ba. Ƙasa da 70 a na'urorin da ke ƙirga da ɗaruruwa, ko ƙasa da 3.9 a masu ɗigo, faɗuwa ce. Lambobin biyu abu ɗaya suke nufi, raba na farko da 18 ka sami na biyu. Na faɗi haka ne don na taɓa ganin wanda aka aiko wa na'ura daga Ingila ya ga 6.5 ya tashi hankalin gida, alhali lafiyarsa lau. Ƙasa da 54, wato 3.0, ko kuma duk lokacin da mutum ya kasa taimakon kansa sai an taimake shi, wannan ina ganin mu ce mummunar faɗuwa. Ta Kawu ke nan.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Daura ta ja ni a nan, kuma jan nata na da ƙarfi. Ta ce idan an ce "ya faɗi," masu ji za su ɗauka mutumin ne ya yanke jiki, a tsaya duba ƙugu da gwiwa. Yaya, na yarda zai faru. Amma auna kuskuren biyu. Wanda ya ji "faɗi" ya fahimce shi a karkace, takalmi zai sa ya rugo. Wanda ya ji "sauka" ya fahimce shi a karkace, hamdala zai yi ya koma kan aikinsa. Na zaɓi na farko.

Ta ƙara da abin da ya kamata kowa ya riƙe, ga shi yadda na fahimta. In mutum na cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi zaƙi mai saurin shiga jini kimanin giram 15: babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko na zuma, ko rabin kwalbar lemo, ba irin wanda aka rubuta babu sukari ba. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a bi shi da abinci na gaske. Tuwo da ƙosai ba sa aikin gaggawa, sai sun narke. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu, don zai iya sarƙewa ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Wani ya tambaya me ya sa shi sugansa bai taɓa faɗuwa ba alhali yakan tsallake kalaci. Da muka bi diddigi, metfomin kaɗai yake sha, ita kuwa da wuya ta kayar da suga ita kaɗai. Masu kayarwa su ne insulin da ƙwayoyi irin gilibenkilamaid, wadda da yawa suka fi sani da Daonil. Ita ce ta Kawu. Tana tura jiki ya fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba, kuma tana daɗewa a jiki, shi ya sa suga kan sake faɗuwa bayan an ɗauka an wuce wurin. Da yamma sai da muka kai shi likita ya duba adadin da yake sha.

Inda nake ganin kalmar za ta fi amfani shi ne azumi. Ƙa'idojin da tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya, IDF, ta fitar kan Ramadan a 2016, ta sabunta a 2021, sun ce mai azumi ya karya idan sukarinsa ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300. Je ka gaya wa dattijo ƙarfe biyar na yamma, saura kaɗan a sha ruwa, cewa ya karya don sugansa ya sauka. Zai ce to madalla, azumin ne ya karɓe shi. Ka ce ya faɗi, ko bai karya nan take ba zai tsaya ya saurare ka.

Tunda babu wanda ya kawo wadda ta fi, ni dai na tsaya a kan faɗuwar suga. Na rubuta wa Kawu 'yar takarda, an lulluɓe ta da leda mai tauri, tana aljihun gaban rigarsa tare da ƙwayar sukari huɗu a ƙulle: "Ina da ciwon suga. In kun ga na ruɗe ko ina gumi da karkarwa, sugana ne ya faɗi. In ina iya haɗiya ku ba ni zaƙi. In na suma kada ku ɗura min komai, ku kai ni asibiti." Ya sa an ƙara masa da ajami a baya, wai abokan zamansa ba duka ke karanta boko ba.

Malamin Rafin Daɗi ya dawo ya ce ya amince, da sharaɗin a rubuce a sa "sukari" ba "suga" ba. Malam, wannan kuma rigimarku ce da mutanen kasuwa, ni ba na shiga. Hajiya mai insulin kuwa ta ce in mun gama da wannan mu nemo mata sunan ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini a soka a na'ura, ta gaji da aiken jikanta kemis yana dawo mata da filasta.