Ya ba matarsa gida, ya sayar wa ƙanensa mota, ni kuma ina bin sa bashi

Baban Hadiza, Maradi:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa ina neman shawara, abin ya hana ni barci. Wani da muka shekara 8 muna ciniki ya karɓi shinkafa da sukari a wurina na sefa miliyan 7, a kan zai biya bayan Salla. Salla ta wuce, sai gobe sai jibi. Da na matsa sai ya ce jarinsa ya karye. Na bincika, ashe wata 4 da suka wuce ya mayar da gidansa sunan uwargidansa, ya ce kyauta ce. Babbar motarsa kuma ya sayar wa ƙanensa a kuɗin da ko tayoyinta ba za su saya ba, kuma har yau shi ke karɓar kuɗin lodinta. Mu 5 ne ke bin sa. Kuɗin nan rabinsa ba nawa ba ne, na marayun yayana ne. Shin kotu na iya warware abin da ya yi?

Ɗan Tasawa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tana iyawa. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, kuma dokarsu ta karyewar jari, wadda aka sabunta a 2015, ta tanadi wannan. Idan kotu ta buɗe shari'ar, za ta tsayar da ranar da ya fara kasa biyan basussukansa, tana iya komawa baya har wata 18. Duk kyautar da ya yi daga wannan rana, da duk cinikin da ya yi a ƙasa da kima sosai, ba sa aiki a kanku, kamar ba a yi ba. Kyautar da ya yi cikin wata 6 kafin ranar ma alƙali yana da ikon tureta idan ta cutar da ku. Sai dai ka lura, ba kai za ka kai ƙarar warwarewa ba, wakilin da kotu ta naɗa ne, wato sindik. Naka shi ne ka nemi a buɗe shari'ar, ka kuma shigar da bashinka cikin wa'adi. Abin da aka dawo da shi na dukkanku ne, ba naka kai kaɗai ba.

Malam na Zango:
A mazhabarmu ta Malikiyya ma haka yake. Wanda bashi ya cinye dukiyarsa ba ya da ikon kyauta ko sadaka da ita, masu bin sa suna da haƙƙin hanawa. Sannan ka duba rumbunsa. Idan buhunanka suna nan yadda ka ba shi, kai ka fi kowa haƙƙi a kansu, hadisi ne ingantacce.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan'uwana, tambaya ɗaya: akwai takarda? Ni abin da ya ci ni ke nan, amana kawai muka yi. Ka tattara rasit, saƙonnin WhatsApp, da direban da ya ɗauki kayan, tun kafin ƙanen ya sayar da motar ga baƙo.

Baban Hadiza, Maradi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, akwai sa hannunsa a littafina sau 3, da muryarsa yana amsa bashin. Buhunan kam ya riga ya sayar, Malam. Ranar Litinin mu biyar ɗin za mu je wurin lauya tare.