Wai da gaske Stade Toulousain ba ta da tsara a zari-rugar Turai?

Mahamadu: Jama'a, salamu alaikum. Jiya na faɗi wata magana a majalisa aka yi mini caa, to ga ta nan na kawo muku. A duk tarihin ƙwallon zari-ruga a Turai babu ƙungiyar da ta kamo ƙafar Stade Toulousain, wato ƙungiyar birnin Toulouse da ke Faransa. An kafa ta a 1907, ta fara cin gasar Faransa a 1912, kuma zuwa 2025 ta ɗaga garkuwar Brennus, wadda ake ba zakaran gasar, sau 24. Stade Français da ke biye mata tana da 14. Kofin Turai kuwa shida: 1996, 2003, 2005, 2010, 2021 da 2024. Abin da ya fi burge ni shi ne da 'ya'yan gida ta yi wannan aiki. Toulon kuwa sayen kofi ta yi.

Rabi'u: Wa alaikumus salam, Yaya Mahamadu. Lissafin kofuna ba na musunsa. Amma maganar Toulon ba ka yi adalci ba. Ta ci kofin Turai sau uku a jere, 2013, 2014, 2015. Toulouse ko sau biyu a jere ba ta taɓa yi ba. A 2013 da maki ɗaya tak Toulon ta tsallake Clermont a Dublin, 16 da 15, bayan Clermont ta mamaye kusan dukan wasan. Da kuɗi ne ke tare mutum a layi, da masu kuɗi da yawa sun ci kofin nan.

Mahamadu: Ƙanena, kai ma ka san yadda aka yi. Mourad Boudjellal ya karɓi ƙungiyar a 2006 tana rukuni na biyu, ya buɗe bakin aljihu. Tana Umaga, Jonny Wilkinson, Bakkies Botha, Matt Giteau, Bryan Habana. Wannan ai tattaro zakarun duniya aka yi. Da suka tsufa suka watse, ina Toulon take? Tun 2014 ba ta sake ɗaukar Brennus ba.

Hadiza: Malam Mahamadu, ni magoyiyar Toulouse ce, a garin na yi karatu, kuma na sha zama a filin Ernest-Wallon. Amma ka rage wa maganar 'ya'yan gida gishiri. Antoine Dupont daga Castres aka ɗauko shi a 2017. A shekarar Cheslin Kolbe ya zo daga Afirka ta Kudu. Jerome Kaino ɗan New Zealand ne, Jack Willis ya zo daga Ingila bayan Wasps ta durƙushe a 2022, Blair Kinghorn daga Scotland. Kuma Toulouse na cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa kasafin kuɗi a Top 14, wato babbar gasar Faransa. A 2025 ma sai da ta biya hukumar gasar Yuro miliyan 1.3 kan yadda aka yi cinikin Melvyn Jaminet daga Perpignan. Idan muna son a yarda da mu, mu faɗi wannan da bakinmu.

Bambancin da nake gani shi ne inda aka dasa ginshiƙi. Romain Ntamack, Thomas Ramos, Julien Marchand, Cyril Baille, Matthis Lebel, duk a makarantar horon ƙungiyar suka tashi. Baƙo in ya zo, salon gidan yake tararwa ya bi: a riƙe ƙwallo a hannu, a miƙa ta kafin a faɗi ƙasa, kada wasa ya mutu. A Toulon ta Boudjellal kuwa baƙin ne ginshiƙin.

Alhaji Isufu: Yara, ku bari in sa baki. Mahamadu, kana magana kamar Toulouse tun fil azal a sama take. Daga 1947 har 1985 ba ta ci gasar Faransa ko sau ɗaya ba. Shekara 38 ke nan. A tsakanin nan Lourdes ta yi zamaninta, sannan Béziers ta ci sau 10 daga 1971 zuwa 1984. Wanda ya rayu a Faransa a lokacin, in ka ce masa Toulouse ce sarauniya, kallon mamaki zai yi maka. Ko kwanan nan, a kakar 2016-2017, ta 12 ta ƙare cikin ƙungiyoyi 14.

Mahamadu: Allah ya ƙara girma, Alhaji, ai hujjata ka kawo. Ina Lourdes yau? Ina Béziers? Kowacce ta yi tashe ta kwanta. Toulouse ta ci biyar tsakanin 1922 da 1927, ta ci huɗu a jere daga 1994 zuwa 1997 a hannun koci Guy Novès, sannan bayan faɗuwar 2017 koci Ugo Mola ya tayar da ita ta ci 2019, 2021, 2023, 2024 da 2025. Zamani uku daban, 'yan wasa daban, doka ma ta canza daga wasan sha'awa zuwa sana'a a 1995, amma tana nan.

Rabi'u: To mu koma Turai, tunda nan ka kafa tuta. Kofin 1996, ƙungiyoyin Ingila da Scotland ba su shiga ba. Sannan duba waɗanda ta doke a wasan ƙarshe: Perpignan a 2003, Stade Français a 2005, Biarritz a 2010, La Rochelle a 2021. Huɗu cikin shida ƙungiyoyin Faransa ne. Da ta haɗu da Wasps a 2004 da Munster a 2008, kashi ta sha. Leinster ta ƙasar Ireland kuma ta fitar da ita a kusa da na ƙarshe a 2019, 2022 da 2023, biyun baya ma da maki 40 da 41.

Hadiza: Rabi'u, ba a faɗowa wasan ƙarshe daga sama. A 2003 Munster ta cire a kusa da na ƙarshe, a 2005 ta je har Leicester ta doke su a garinsu, a 2010 Leinster ɗin da kake yabo ta fitar. Kuma ka tsallake 2024. Na kalli wasan nan tun daga busar farko. Minti 80 aka yi a filin Tottenham ba wanda ya ajiye ƙwallo a bayan layi, 15 da 15, bugun ƙafa zalla. Leinster ta yi ta danna su a bakin layinsu, Dupont da Willis suna ta ƙwace ƙwallo a ƙasa. A ƙarin lokaci Lebel ya tsere ta gefen hagu ya ajiye, sai aka ba Richie Arnold jan kati. Da mutum 14 suka ƙarasa, Ramos yana ta zuba bugun tara, aka tashi 31 da 22.

Alhaji Isufu: Wannan gaskiya ne, 'yata. Ni abin da ya tsaya mini shi ne gidan Ntamack. Émile, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, shi ne kyaftin da ya ɗaga kofin 1996 a Cardiff. Ɗansa Romain ya ɗaga irinsa a 2021 da rigar ƙungiya ɗaya. A wasan ƙarshe na Faransa a 2023, La Rochelle na gaba da 26 da 22, saura minti biyu, yaron nan ya karɓi ƙwallo daga cikin rabin filinsu, ya ratsa tsakanin masu tsaro ya zura da gudu har layi. Wannan kam ba a sayo shi daga ko'ina ba. Amma Mahamadu, ka janye kalmar sayen kofi. Wilkinson ya zo Toulon a 2009 jikinsa duk rauni, mutane sun ce ya ƙare, ya yi shekara biyar yana aiki kamar sabon shiga.

Mahamadu: Saboda girmanka, Alhaji, na bar Wilkinson. Sauran maganar tana nan daram.

Rabi'u: Ni ma ban sauka ba. Na ba ku Faransa, ba gardama. A Turai kuwa shida da huɗu ne tsakaninta da Leinster, kuma a 2025 Bordeaux ce ta fitar da ita a kusa da na ƙarshe ta je ta ɗauki kofin, Bordeaux ɗin da ta sha 59 da 3 a hannunta shekara guda kafin nan. Anti Hadiza, ki amsa mini wannan: ranar da Dupont ya ajiye takalmi, wa ke makarantar horon da zai riƙe lamba 9 ɗinsa?