Musayar waƙa: lissahin shekara na ƴan fadar magoya baya

Ma'ajin Fada
Salamu alaikum. Sanyi ya shigo Maradi, shekara ta zagayo. Kowa ya kawo abin da ke raya ƙungiyar magoya baya da abin da ke kashe ta, ta balo ko ta kokowa, amma da waƙa. Babban amsa-amo "ya". Wanda ya yi zube ya sayi sukari.

Da sunan Allah nike farawa,
Shekara ta cika sai ƙirgawa,
In ka ga fada tana watsewa,
Asusunta ya fara yin ƙarya.

Dala ashirin zubi ran Laraba,
Mutum talatin in ba su fasa ba,
Jikka ukku kenan, ba a rage ba,
Sha biyu a wata, kun ga hanya.

Littafi biyu za a yi tanadi,
Guda ga ma'aji mai riƙon kuɗɗi,
Guda a karanta shi duk ran Lahadi,
Gaban jama'a, ba batun ɓuya.

Abin da ka kashe asusu rance,
"Ara mani, gobe" ya zan zance,
Ba shaida, ba komi a rubuce,
Ran sayen riga a sha kunya.

Na Bagalam
Yaya Ma'aji, kai da lissahi,
kamar mai awon gero a kan ƙwarya.
Ka bar batun kallo, shi na tushe,
don shi anka taru, ba don ajiya.
Kasko a kafe shi da ƙusa huɗu ga gini,
ba bisa kara ko reshen tsamiya.
Iskar hunturu in ta gusa shi kaɗan,
hoto ya daskare, sai a ta jayayya.
Kuɗɗin Canal a biya da saura kwana biyu,
ba ran fainal ana ta bugun waya.
Gurup a tada shi tun da la'asar,
a goge buji, a duba igiya.
Lita biyu ta isansi a aje gefe,
don ƙarin lokaci da bugun ɗaya-ɗaya.
Tsakanin bango da tele a sa regilata,
wutar da ta dawo da ƙarfi ita ka ƙona kaya.
Kofin Turai sha biyar na gun Madrid,
na Barsa biyar, ku ƙirga da yatsun hannu ɗaya.

Mai Shayi
Kai! Allah shi ƙara basira, Na Bagalam. Wannan baitin na ƙarshe ya fi kofin farko ɗaci. Ina ƴan Barsa? Ko mega ta ƙare?

Ɗan Zariya
Muna nan. Kai ka riƙe mahucinka. Kakar 2024/25 nike nufi, kar wani ya ce bai gane ba: 4-0, 5-2, 3-2, 4-3.

Ƙanena, sannu da ƙirgar kofi,
Tuwon jiya ba shi da sauran zafi,
Karo huɗu Barsa ta nuna ƙarfi,
Cikin kaka guda kunka sha wuya.

Zauren WhatsApp shi ma da doka,
Masu riƙo ukku, kar a wuce haka,
In guda na, ran fushi ya kori duka,
In goma na, sai hayaniya.

In an tashi wasa a taka birki,
Rabin awa ba mai buɗe baki,
Zagin iyaye nan yaka samun ɗaki,
Kashedi biyu, na ukku a rabu lahiya.

Bidiyon gol talatin a dare,
Guda na, kowa ya turo a jere,
Kamin asuba mega ta ƙare,
Kashe sauke-da-kanka cikin waya.

Odar riga sai an ba da rabi,
Awo a rubuce, ban da "sai jibi",
Mai cewa a cire mashi cikin zubi,
Shi ka barin riga bisa igiya.

Harafin baya da zafi anka manna,
Dutsen guga shi ka yi mashi ɓarna,
A juye ta a wanke, a kauce rana,
In ba haka ba YAMAL ya koma YA.

Ƴar Tibiri
YAMAL ya koma YA! Yaya Ɗan Zariya, ka gama da su. A ba shi kofin farko, Mai Shayi ya sha na ukku.

Mai Shayi
Ƴar'uwa, ke da ba ki taɓa zama aka tashi wasa da ke ba. Ga nawa, ko da ya yi ɗingishi.

Asusun shayi daban a ke shi,
Na kallo in ya haɗu ya cinye shi,
Dala goma ga kai, a san mai shi,
Gawayi da sukari ba su jin magiya.

Baba na Mokoyo (bayan kwana biyu)
Kun cika muna kunne da Turai, ƴaƴa,
ga filin kokowa na Kantu nan kun ba shi baya.
A 1975 Tawa anka buɗe fage,
takobin farko Maradi ya biyo hanya.
Jiha takwas, kowace da goma nata,
tamanin kenan, takobi ko ɗaya.
Wanda ya faɗi sau guda ya bar neman takobi,
ko da ya kada goma daga baya.
Mai bin ƴan kokowa tai wata jiha,
tun kaka yaka ware kuɗɗin tahiya.
Kashi ukku: na zuwa, na ci kwana goma,
na dawowa a ɗinke kamar laya.
Wanda ya yi kari da shi gun makaɗa,
shi ka kwana tasha yana kiran waya.
Disamba ta, a ɗau bargo da tabarma,
sanyin asuba ba shi san gwani ba ko maraya.
A shiga fili da wuri, ruwa a gora,
a zamna yamma, rana ta faɗi ta ƙeya.
Isaka Isaka na Doso a Agadas ya cika na shida,
mu gyara namu, mu rage yabon jiya.

Ƴar Tibiri
Allah shi ja da ran Baba. Ga waƙa, ga guzuri. Masu Madrid da Barsa, wa ya taɓa ba ku ko kujera a can? Ga ƙungiyoyin balo namu na Maradi.

Jan Gwarzo na nan, Ɗan Kasawa na nan,
Tikiti ba shi kai kuɗɗin Canal ɗin nan,
Ganga guda da tuta, ku zo wurin nan,
Ku ga ɗan wasan da ka gaida ku a hanya.

Malam Mai Aruli
Ban so tsoma baki ba, kunne ya ƙi. Na Bagalam, ɗangonka "kamar mai awon gero a kan ƙwarya" gaɓa 11 na. Na ƙarshe, mai yatsun hannu, gaɓa 15. Wane kari ka hau? Ƴar Tibiri, "nan" sau ukku ba amsa-amo ba na, maimaici na. Baba kuma, a gafarce ni, "ƴa" mai ƙugiya ba "ya" ba ta. Ƴaƴa ba ta amsa baya.

Waƙa awo gare ta kamar tiya,
Mai nauyi da maras nauyi, ɗaya bayan ɗaya,
In ka yi mata tozo ta zube a hanya,
Mai saye ya gani ya yi dariya.

Na Bagalam
Da gangan na, Malam. Kowace gaɓa kofi guda.

Malam ya ƙirga ya samu sha biyar,
ya shaida muna ba mu yi ƙarya.
In na rage goma don in daɗa mashi,
ɗangon ya zan na Barsa, abin dariya.

Mai Shayi
An kashe bakin tsanya! Malam, ashe kai ma namu na.

Ɗan Zariya
Ba don in tare ma ɗan Madrid ba, amma Malam, na ƙirga naka. Ɗango na farko 11, na biyu 14.

Malam da tiya ya shigo kasuwa,
Yana ta aunin hatsin ƴan'uwa,
Tashi tiyar ko tana ta zubewa,
Mai awo, fara da taka tiya.

Malam Mai Aruli
Ɗan Zariya, ba a auna kari da yawan gaɓa kaɗai. Ƙafa aka dubi. Akwai karin da gaɓa biyu marasa nauyi ke zama gurbin guda mai nauyi, kamar Kamil, sai ɗango ya fi ɗan'uwansa gaɓa ba tare da ya karye ba.

Ƴar Tibiri
To in haka na, Malam, don mi ka ƙirga ma Na Bagalam gaɓa? Doka guda ga almajiri, guda ga malam? Kuma "nan" ɗin nan ukku da niyya na sa: ƴan wasa na nan, kuɗɗi na nan, fili na nan.

Malam Mai Aruli
Niyya ga salla aka nema, ƴata. Ga waƙa kunne ka hukunci.

Na Bagalam
Malam, faɗa muna ƙafar ɗangonka na biyu. Muna saurare.

Ɗan Zariya
Shiru. Ko Malam ya tahi sayen mega?

Baba na Mokoyo (da asuba)
Malam, ƴa ko ya, ni ban ga bambanci,
makaɗin fage ba ya karatun ƙugiya.
Ganga ka auna mashi, ba alƙalami,
in ta yi sauri ya haɗiye, in ta ja ya ja murya.
Ɗango ya yi tsawo, ƴan amshi su tare,
ɗan kokowa ya yi kirari, ƙasa ta yi girgiza gaba ɗaya.
Taka ta takarda ta, tawa ta fage,
kowa ya kama da nashi, a ga mai kayarwa cikin biyu... ya.

Ƴar Tibiri
Baba ya liƙa "ya" da ƙarfin tsiya, kuma ta zamna!

Malam Mai Aruli
Wannan ba zama ba na, an danne ta na. Amma Baba na, na yi shiru. Batun ƙafa ina tahe da shi, sai na zana muku gaɓa da gaɓa.

Ma'ajin Fada
Kun bar asusu kun kama aruli,
An fara da kuɗɗi an koma ƙwali,
Ga hukunci nan, ba ni sauya hali,
Masu zube su kawo sukari tiya.

Malam sau huɗu, kai ka gaba,
Ƴar Tibiri huɗu, ba a yahe ba,
Mai Shayi ukku, ba a manta ba,
Ran Laraba, da zubi, gaba ɗaya.

Mai Shayi
Yaya Ma'aji, kai ma da zube ka buɗe zauren. Na ƙwaya za ka kawo ko na gari?