Iyaye mata ma'aikata a Jos, ya kuke yi da safiya yanzu da sanyi ya fara shigowa?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, don wallahi abin ya fara fin ƙarfina. A Anguwan Rogo nake zaune, ina aiki a wani ofis can wajen Sakateriya, yarana uku, Hanifa shekara 6 tana aji ɗaya, Sadiq shekara 3 bana aka sa shi nazare, sai Amira wata 9. Maigidan harkar kayan gwari yake yi a Farin Gada, daga masallacin asuba ya wuce kenan, wani lokacin ma sai ya bi mota Kudu ya yi kwana uku huɗu.

Da akwai wata dattijuwa da ke zuwa ta taya ni, Iya muke ce mata, ita ke riƙe Amira in na fita. To yau sati uku kenan ta tafi garinsu wajen Mangu girbin masara, ta ce sai an gama kaka za ta dawo, kuma ban ga laifinta ba. Amma tun da ta tafi gidan ya birkice min. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi, in ɗora ruwan zafi, in ba wuta sai gas ko gawayi, kuma kun san kuɗin gas yanzu, in yi wa uku wanka ga sanyin nan da ya fara busowa da asuba, in haɗa abin kari, in zuba na makaranta, in shirya kaina, in kai Amira gidan maƙwabciya, sannan mu fito titi neman keke. Ƙarfe takwas ake jan layi a littafin sa hannu a ofis, watan nan sau biyar ina sa hannu a ƙasan layi.

Ranar Talata ce ta sa na yi wannan rubutun. Safar Sadiq ba ta bushe ba saboda ruwan da aka yi da yamma, na ɗora ta a murfin tukunya na manta har ta ƙone, shi kuma ya riƙe ƙyauren banɗaki yana kuka wai ruwan da sanyi, Amira na tari a bayana, na daka masa tsawa na finciko shi. Muna cikin keke Hanifa ta ce min a hankali, Mama me ya sa kullum da safe sai kin yi mana faɗa, ko ba kya son mu je makaranta ne? Har na isa ofis ban daina share hawaye ba.

Tambayata, ya kuke tsara safiyarku? Ko da illa in mayar da wankansu dare, don surukata ta ce wankan dare ke sa yara mura? Sannan tarin nan na Amira kwana huɗu kenan, in jira ya wuce ne ko in kai ta asibiti?

Ummu Khalil

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, sannu kin ji, Allah ya ba da lada. Ni malamar makaranta ce a Bukuru, yarana huɗu, kuma na yi irin kukan da kika yi a keke ba sau ɗaya ba. Abin da ya cece ni shi ne na kwashe aikin safe na mayar da shi yamma. Wanka sosai da soso da sabulu da zarar mun dawo nake musu, wajen la'asar kafin rana ta yi sanyi, ba sai dare ba, kin ga ba ki saɓa wa surukarki ba kenan. Da safe kuwa ruwa mai ɗumi a ƙaramin baho da tsumma, fuska, wuya, hammata, tsarki, a goge baki, a shafa man kaɗanya, shikenan minti biyar kowane yaro, kuma a cikin ɗaki nake yi ba a banɗaki ba saboda iska. Ruwan ma tun dare nake tafasawa in cika babban fulas, in NEPA ta kawo wuta da dare to hita, ba na kunna gas don ruwa da asuba.

Yunifom da safa ki yi ƙoƙari su kai uku uku ko da a hankali ne. Ki shiga Katako wajen 'yan gwanjo yanzu yanzu kafin Disamba, don da zarar hunturu ya kankama rigunan sanyi da huluna tashi suke yi, kuma masu kyaun an tsince. Ranar da aka buɗe sabuwar dila ake samun na kirki, ki tambayi mai shagon ranar da yake buɗewa.

Batun abinci kuma kaka ce fa, ki ci moriyarta. Gyaɗa sabuwa ta fito, ki saya ki soya ki kai inji a markaɗa miki ki ajiye a roba, kunun gyaɗa minti goma ya isa. Acca ma haka, in kin wanke ta kin rege tsakuwa ranar Lahadi kin shanya, kunu ko fate ba ya ɗaukar lokaci. Dankali ina fere shi da dare in bar shi cikin ruwa. Miya kala biyu ranar Lahadi, in ba ki yarda da firij ɗinki ba ki soya ta sosai ki riƙa ɗumamawa safe da dare. Kuma tunda maigidan a Farin Gada yake ai ke kin huta da cefanen kayan miya, ki rubuta masa a waya kawai ya taho da shi.

Anti Nas

Maman Hanifa ni kan tarin Amira zan yi magana, don aikina kenan, a ɗakin yara na asibiti nake. Wanka ba ya kawo mura, ƙwayar cuta ce yara ke ɗauka a junansu, shi ya sa duk shekara in an koma makaranta a Satumba sai ki ga gida ya cika da majina, manya su kwaso su kawo wa ƙaramin. Abin kiyayewa dai kar a bar yaro a jiƙe cikin iska, a goge shi a sa masa kaya nan take. Garin nan a kan tudu yake, sama da mita 1,200, sanyinmu ba irin na Kano ko Abuja ba ne, jariri yana saurin yin sanyi musamman ta kai da ƙafa.

Yau da dare in ta yi barci ko ta natsu, ɗaga rigarta ki kalli ƙirjinta ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cif da agogon waya. Yaro daga wata 2 zuwa wata 11 in ya kai 50 ko ya wuce to numfashin ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. In kin ga haka, ko ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki in ta ja numfashi, ko ta ƙi kama nono, ko jikinta ya yi zafi, kar ki jira gari ya waye ki ce sai an tashi daga ofis, ki kai ta. Kuma in da zazzaɓi a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani, ƙarshen damina sauro bai tafi ba tukuna, kar a cire gidan sauro wai don an fara sanyi. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, ki ci gaba da ba ta nono sosai, ki riƙa share mata hanci. Kar a ba ta zuma dan Allah sai ta cika shekara, na san iyayenmu na ba da shawarar zuma ga tari amma ga jariri haɗari ce. Maganin tarin kemis ma ki bar shi.

Sai gawayi da kika ambata. Ina roƙon ki da duk mai karanta wannan, kar a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Ki hura a waje, ki dafa ruwan a waje.

Baban Yusra

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma Maman Hanifa na karanta har ƙarshe ban ga inda maigida ya ɗauki ko abu ɗaya ba. Ban ce laifinsa ba ne, na san harkar gwari ba ta jira, in mota ta iso da asuba dole kana wurin. Amma sau da yawa mu maza ba mu san abin da ake ciki ba ne, mun fita yara na barci mun dawo an yi musu wanka an ci abinci, sai mu ɗauka komai lafiya. Ni ma sai da matata ta kwanta rashin lafiya na yi safiya uku da yara ni kaɗai sannan na gane. Tun daga lokacin guga da goge takalma da duba jaka nawa ne da dare.

Ki same shi lokacin da ya huta, ki faɗa masa maganar da Hanifa ta yi a keke kamar yadda kika faɗa mana, ba ƙari. Sannan ko bai iya komai ba zai iya nemo mai keke amintacce da za a riƙa biya duk wata. A layinmu a Rikkos gida uku muka haɗa, yaro shida, bakwai saura kwata yana ƙofar gida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ya ƙaru sosai, amma in an raba uku da sauƙi, kuma ya fi tsayuwa a bakin titi da goyo.

Maman Abba

Ni dai gaskiya in albashin bai taka kara ya karya ba gara ki ajiye aikin ki riƙe yaranki, ki kama 'yar sana'a a gida. In kin cire kuɗin keke da na mai raino me ya rage?

Maman Hanifa

Maman Abba na gode, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa. Amma albashin nan shi ke biyan kuɗin makarantar Hanifa, daga ciki nake aika wa mahaifiyata na magani duk wata, kuma kasuwar gwari yau riba gobe kwandon tumatir ya ruɓe a hanya. Shekara bakwai ina wannan aikin kuma ina son sa. Safiyar ce nake so in gyara.

Hajiya Yaya

'Yata Maman Hanifa, ni na yi shekara 35 ina aikin gwamnati a garin nan kafin in yi ritaya, na goyi shida ina zuwa ofis, tun babbar kasuwar Taminus tana nan kafin gobarar 2002, nan muke biyawa mu yi cefane in an tashi. Abin da ƙannenki suka faɗa miki duk daidai ne, zan ƙara kaɗan.

Iya kar ki yi saurin maye gurbinta. Masarar da ta je girba ita ce abincin gidanta na shekara, kuma duk kaka za ta tafi, to ki sa wannan a lissafinki tun yanzu, baɗi ki nemi hutunki na shekara ya faɗo daidai lokacin. Ki kira ta ki gaishe ta, in da hali ki tura mata ɗan kuɗin mota, za ta dawo miki da wuri kuma da zuciya ɗaya. Kar ki bari a ce za a kawo miki ƙaramar yarinya daga ƙauye ta riƙe miki jaririya, yarinya 'yar shekara goma ita ma riƙo take buƙata. Maƙwabciyar da ke karɓar Amira kuma ki yanka mata wani abu duk sati ko ta ce a'a, ko sabulu ne ko mudun wake, alheri in ba a taya shi gajiya yake.

Shugabanki a ofis ki je ki same shi da kanki kafin a kawo miki takarda, ki ce ranka ya daɗe ga halin da nake ciki na sati kaza, ina neman a yi min uzurin rabin awa in biya da yamma. Wanda ya zo ya faɗa da wanda aka kama ba ɗaya ba ne a wurin manya.

Ita kuma Hanifa, ki zaunar da ita ki ba ta amsar tambayarta, don tana jira. Ki ce mata ba su ne suka yi laifi ba, gajiya ce da tsoron makara. Ki ba ta aikinta, ita za ta jera takalma da safa a bakin ƙofa da dare, ita za ta sa wa Sadiq hula. 'Yar shekara shida tana iyawa, kuma za ki ga yadda za ta riƙe abin da girma.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai Hajiya, na gode kowa da kowa, Allah ya saka da alheri. Anti Nas na ƙirga daren jiya sau biyu, 54 da 56, ban jira ba na kira Babansu ya dawo muka kai ta. Sun ce ciwon haƙarƙari ne ya fara kama ta amma an zo da wuri, sun ba mu magani na kwana biyar, yau ta kama nono sosai ta yi barci. A can muna zaune a benci na faɗa masa maganar Hanifa, ya daɗe bai ce komai ba, da safen nan dai shi ya kai su makaranta kafin ya wuce kasuwa, kuma ya ce zai yi magana da wani mai keke ɗan unguwarmu.

Wankan yamma mun fara jiya, Sadiq bai yi kuka ba yau. Ofis na nemi kwana biyu saboda Amira, Litinin zan shiga wajen oga in sha Allah. Ummu Khalil dan Allah ta wace ƙofa ake shiga wajen masu rigunan sanyin yara a Katako, ina so in je ranar Asabar.