Babur ya ƙi tashi bayan na tsaya shan mai a doguwar tafiya, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai Jakar Gefe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Abin da ya same ni satin da ya wuce nake so in baje muku, kowa ya kawo nasa, don nasan ba ni kaɗai bane. Na taso tun da asuba, babur lafiya lau, jakunkunan gefe cike da kaya, na ci kusan kilomita 400 ko tari bai yi ba, na tsaya gidan mai na cika tanki na ɗan miƙe ƙafa, duka duka bai fi minti goma ba, na dawo na murɗa ki na danna sitata sai naji ƙas ƙas ƙas, fitilun allo suka dushe, shikenan. Mai injekta ne, ba shi da kik, kuma da kaya a kai ya haura kilo 300. Wasu bayin Allah biyu ne suka tura ni a giya biyu ya kama, na ƙarasa sauran kilomita 60 ban yarda na kashe shi ba ko sau ɗaya. Washegari na sa batir a caji, ya tashi tangaram kamar ba shi ba. Yanzu bakanike ɗaya ya ce batir ne, ɗaya ya ce sitata ce, batirin kuwa ko shekara bai yi ba. Ina da wata tafiyar nan da sati uku kuma gsky gabana faɗuwa yake.

Tsohon Matuƙi

Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka sayi batir tukuna. Ni sai da na sayi biyu a cikin wata huɗu kafin na gane ashe marar laifi nake ta hukuntawa. Batir shi ake kamawa a wurin, amma ɓarawon yana can baya ya ɓuya. Nawa rejileta ce, wato na'urar da ke daidaita wutar caji kafin ta shiga batir, ta fara mutuwa a hankali, in inji da sanyi tana caji daidai, in an yi awa biyu uku ana gudu ta ɗau zafi sai ta saki aiki, daga nan fitila da famfon mai da komai daga batir suke ci kai kuma baka sani ba tunda babur na tafiya. Sai ka tsaya ka kashe, a nan asiri ke tonuwa, don sitata ita ce mai cin wuta da yawa lokaci guda. Shi ya sa kullum a gidan mai abin ke faruwa har mutum ya fara zargin man da aka zuba masa.

Nemi mitar gwada wuta, ƙarama ma ta isa. Babur a kashe ya kwana, batir mai lafiya zai nuna volt 12.6 zuwa 12.8. Ka tayar ka ja totur har juyin inji ya kai wajen 4000 a minti, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ka ga ƙasa da 13 ba ya caji, in ya haura 15 dafa maka batir ake yi. Amma ka gwada da zafi fa, bayan ka zaga sosai, gwajin safe shi ya yaudare ni wata huɗu.

Dogon Zango

Kafin aje ga rejileta oga ka ɗaga kujera ka kama kan batir ka girgiza da hannu. Wlh ni abin kunya ne ya same ni, alamun nan naka sak, ƙas ƙas da dushewar allo, na yi awa ɗaya da rabi a rana ina kiran mutane a waya, ashe notin kan batir ne ya kwance saboda jijjigar hanya. Yana taɓawa daidai yadda zai kunna fitila amma ba zai ɗauki sitata ba. Sifana lamba 10, juyi biyu, magana ta ƙare. Tun ranar sifanar nan a aljihun rigata take kwana ba a jaka ba.

Rewaya

Abin da Baba Tsohon Matuƙi ya faɗa haka yake, sai dai zan ƙara wani wuri da mutane ke tsallakewa. Aikina kenan kuma ni ma ina hawa, nawa ma ya taɓa zubar da ni da daddare. Tsakanin kwayil ɗin caji da ke cikin inji da rejileta akwai soket mai wayoyi uku, galibi rawaya ne duka ukun. Wannan soket ɗin ruwa na shiga, ƙura na shiga, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ko ya saki, inda haɗi ya yi sako-sako kuwa nan zafi ke taruwa, zafin ya ƙara sakin ƙarfen, haka dai har roba ta narke. Ranar da na ciro nawa, farar roba ce asali amma gefe ɗaya ya koma ruwan ƙasa ya kumbura, waya ɗaya ta yi tauri kamar tsinke, ina lanƙwasa ta rigar ta farfashe a hannuna, ga warin ƙonanniyar roba da na kwana biyu ina ji ina cewa ko salansa ce ta taɓa jaka. Layi biyu cikin uku ke aiki, caji na shiga amma bai isa ba.

In ka cire soket ɗin ka gwada kwayil ɗin gaba ɗaya. Inji a kashe, kowace rawaya ka haɗa ta da jikin inji a mita, bai kamata ta nuna haɗi ba, in ta nuna to kwayil ya ƙone. Sannan ka mayar da mita kan AC ka tayar, ka gwada wayoyin bibbiyu, ɗaya da biyu, biyu da uku, ɗaya da uku. Lambar da ta dace tana cikin littafin babur ɗinka don kowane da nasa, abin dubawa shi ne ukun su zo kusan ɗaya kuma su hau in ka ja totur. In ɗaya ta zauna a ƙasa ka samu mai laifi. Ka kula da yatsunka, wutar wurin tana kai volt gommai.

Sitata kuma da bakaniken ya ce, ban ce ba ta lalacewa ba, amma sitatar da ta tashi lafiya da aka yi wa batir caji me ta yi?

Fasinjar Baya

Ku bari in ba ku namu ko za ku yi dariya. Ni a baya nake zama, maigida ke tuƙi. Mun tsaya hutawa, muka dawo ya danna, shiru, ko ƙas ɗin babu, amma allo na haske tar. Bawan Allah ya sauke akwatin baya, ya sauke jakunkuna, ya cire kujera, ya zazzage fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su sama yana leƙawa, gumi har cikin ido. Ni dai ina gefe riƙe da hulunan kwano biyu, nace Yallaɓai wannan jan maɓallin na hannun dama haka yake dama? Ya ce don Allah ki bari ina tunani. Na yi shiru. Bayan minti ashirin ya kai hannu ya mayar da shi da kansa ba tare da ya kalle ni ba, babur ya tashi. Ashe lokacin da ya rataya hular a kan madubi ne ta danne shi. Har muka isa ba wanda ya tada maganar hhh.

Dogon Zango

Hhhh Hajiya a gaida Yallaɓai, a ce masa ba shi kaɗai bane, duk wanda ya ce bai taɓa ba bai daɗe yana hawa bane.

Mai Taya Biyu

Labarin Hajiya ya tuna min, ni yanzu kunne nake fara sawa kafin in taɓa sukundireba. In ka murɗa ki a mai injekta akwai ɗan kukan famfon mai na daƙiƙa biyu uku, zuuu, in baka ji shi ba to wani abu ya hana, ko jan maɓallin nan ko fiyus. In allo na haske ka danna shiru, duba ƙananan makunnan tsaro, na kuloci da na sitan ɗin gefe da na furi. In ƙas ƙas ne wuta ce ta yi kaɗan. In kuma inji na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa to ka bar batir ya huta, mai ne ko filogi.

Nawa na sitan ne. Mun sha ruwan sama da taɓo kusan yini guda, na tsaya, na tayar a furi lafiya, ina sa giya ɗaya sai ya mutu ɗif. Na sake, ya sake. Sau biyar. Taɓo ne ya cushe ɗan makunnin da ke gindin sitan, babur na ganin kamar sitan na ƙasa alhali na ɗage. Na wanke da ruwan gora na motsa shi sama da ƙasa ya saki. Wasu haɗe wayoyin suke yi su huta, ni ban goyi baya ba sai dai don ka fita daga daji, don na ga wanda ya tashi da sitan a ƙasa ya zo kwanar hagu, ba kyan gani.

Sarkin Totur

Nawa ya ɗan bambanta amma bari in jefa. Ina cikin gudu sai ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare alhali tanki rabi, ya mutu, in jira minti biyar ya tashi, in yi kilomita 20 ya sake. A karo na uku na buɗe murfin tanki don in leƙa sai naji fuuu ya ja iska. Ashe ƴar tiyon da tanki ke shaƙar iska ce ta lanƙwashe lokacin da na ɗaga tanki na canja filtar iska kafin tafiya, mai na fita iska ba ta shiga. Ni na jawo wa kaina. Tun daga nan bana taɓa babur ana gobe tafiya, in zan yi sabis sai da saura sati, in zaga da shi kwana biyu uku tukun.

Tsohon Matuƙi

Wannan magana ta ƙarshe ta fi labarin tiyon amfani. Mai Jakar Gefe tambaya, me da me ka ƙara wa babur ɗin na wuta?

Mai Jakar Gefe

Baba fitilun hazo biyu, cajar waya, da abin nuna hanya. Fitilun masu ƙwan halojin ne, wat 55 kowanne, kuma gsky tun asuba da na kunna ban kashe ba.

Tsohon Matuƙi

To ka gani, wat 110 kenan ka ɗora a kan abin da dama yana ɗingishi. Manyan babura na tafiya an yi su da rarar wuta, lafiyayye zai ɗauka, amma in layi ɗaya ya ƙone kamar yadda Rewaya ya ce, fitilun nan su za su ƙarasa batir. Ka mayar da su LED in da hali. Kuma ka gode Allah da sauran ɗan abu a batirin, don mai injekta in ya mutu murus ko ku goma ne turi ba zai yi ba, famfon mai da kwamfutar inji sai da wuta. Masu giyar DCT mai canja kanta, irin ta wasu baburan Honda Gold Wing, kuwa babu zancen turi sam, ba kulocin hannu balle ka saki. Shi yasa ƴar batirin tayarwa ta aljihu bata barin jakata, girmanta bai fi waya biyu ba.

Mai Taya Biyu

In kuma mota ka samu za ta baka wuta, a bar injin motar a kashe, batirinta kaɗai ya ishe ka ya yi yawa ma. Jar waya a kan ja tukun, baƙar a ƙarshe a jikin ƙarfen inji. Na faɗa ne don mai motar kullum da kyakkyawar niyya zai ce bari in taka maka totur.

Mai Jakar Gefe

Na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa. Kan batir a ɗaure yake tam Dogon Zango, na so ace shi ne wlh. Da safe a kashe 12.7. Na tayar da sanyi 13.1, har na ce ai lafiya, sai na tuna maganar Baba na fita na zaga minti arba'in na dawo na gwada a 4000 da fitilun hazo a kunne, 12.3, ina kallo tana sauka. Na bi wayoyin rawaya har na samu soket ɗin a bayan murfin gefe, sai da na sa filaya kafin ya rabu don ya manne, rami ɗaya baƙi ƙirin, ƙarfen ciki ya koma kore kore. Kwayil ɗin na gwada yadda Rewaya ya ce, ukun sun zo kusan ɗaya, ba haɗi da jikin inji, Alhamdulillah. Na yanke soket ɗin na datse wayoyin har inda jan ƙarfen ke sheƙi, aka yi musu dalma aka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi. Yanzu 14.1 da zafi, fitilu a kunne. Na kuma ɗaura ƙaramar mitar volt a kan hannu inda ido zai riƙa kai wa. Batirin da aka ce in jefar shi ne dai a ciki.

Rewaya

Madalla. Saura abu ɗaya, batirin ya sha sauka sosai sau ɗaya, to ka sa mita a kansa lokacin da kake danna sitata, in bai faɗo ƙasa da 10 ba ka tafi da shi. Kuma ranar tafiyar in ka yi kilomita ɗari na farko ka tsaya ka sa bayan yatsa a kan haɗin nan guda uku, ɗumi ba komai, in wani ya fi sauran zafi sosai a sake masa dalma. Ka ɗaure su nesa da kan inji, kar ka bar su suna lilo.